ABIN DA KE CIKIN ƘWAYAR IRI: YADDA AKE HASASHEN GADON TSIRRAI TUN KAFIN A SHUKA



GABATARWA

Ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Lokacin da Sakatare ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in zaɓi duk abin da na ga zai amfani jama'a. Na so in yi magana a kan tarbiyya, domin nan ne na ƙare ƙuruciyata, sai na tuna da wasu abubuwa biyu da suka faru a gabana, waɗanda suka kusa raba zumunci a kan abin da ba laifin kowa ba ne.

Na farko, wani ƙanena ya sayi irin masara ɗan aure, wanda 'yan kasuwa ke kira haibirid. Ya shuka, masara ta tashi kai ɗaya kamar an aske ta, ya sami amfanin da bai taɓa samu ba. Da kaka ta yi sai ya ware manyan goyo, ya rataye su a rumbu domin iri, kamar yadda ya ga iyayenmu suna yi. Da damina ta zagayo ya shuka su a gona ɗaya, da taki iri ɗaya, amma sai ga wata doguwa wata gajera, wata ta yi goyo wata ko gemu ba ta fitar ba. Ya rantse cewa ko dai an sayar masa da jabun taki, ko kuwa an yi wa gonar baki.

Na biyu, wani maƙwabcinmu ya shuka farar masara tsantsa a gefen gonar wani mai rawayar masara. Da aka zo ɓarewa sai ga ƙwayoyi rawaya jefi-jefi a jikin goyonsa, har mai saye ya rage masa kuɗi. Shi kuma ya dage cewa wanda ya sayar masa da iri ne ya yi masa algus.

Dukkansu biyu suna da amsa, kuma amsar tana nan a rubuce fiye da shekara 150. Jigon jawabina shi ne: ƙwayar iri tana ɗauke da abin da ido ba ya gani, kuma abin nan da ya ɓuya yakan dawo bisa lissafin da kowa zai iya koyo. Wanda ya san lissafin zai san irin da ya kamata ya ajiye, da wanda ya kamata ya sake saye.

MUTUMIN DA YA ƘIRGA WAKE

Bahaushe ya daɗe da sanin gado. Shi ne ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kuma lura cewa wani lokaci jika kan ɗebo kamannin kakansa ya tsallake ubansa. Abin da ya rage shi ne a ƙirga, a ga sau nawa hakan ke faruwa. Wanda ya fara yin wannan ƙirga a tsanake shi ne Gregor Mendel.

An haifi Mendel a shekarar 1822 a gidan manoma, a ƙasar da take ƙarƙashin daular Ostiriya a wancan zamani. Ya zama malamin coci a garin Brno, wanda yake cikin ƙasar Cek a yau, yana kuma koyarwa a makarantar sakandare. Ina so ɗalibanmu su ji wannan: sau biyu yana zama jarrabawar samun takardar shaidar malanta bai yi nasara ba, amma hakan bai hana shi aikin da duniya ke karantawa har yau ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a wani ɗan lambu yana aurar da waken Turawa da ake kira fis. Ya zaɓi wannan tsiro ne domin furensa kan yi wa kansa barbara, saboda haka iri yakan tsaya a kan asalinsa sai idan mutum ya sa hannu. Ya ware siffofi bakwai waɗanda kowace take da fuska biyu rak, kamar dogo da gajere, ƙwaya mai santsi da mai tamoji, ƙwaya rawaya da koriya. Ya yi aiki da tsirrai kimanin 28,000.

Ga abin da ya gani. Da ya aurar da dogon tsantsa da gajeren tsantsa, 'ya'yan farko duk suka fito dogaye, babu gajere ko ɗaya, babu kuma matsakaici. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka yi wa kansu barbara, sai ga gajere ya dawo a jikoki. Ya ƙirga jikoki 1,064, ya sami dogaye 787 da gajeru 277. A siffar ƙwaya ya ƙirga 7,324, ya sami masu santsi 5,474 da masu tamoji 1,850. A launi ya ƙirga 8,023, ya sami rawaya 6,022 da koraye 2,001. Duk wanda ya raba waɗannan alƙaluma zai ga abu ɗaya: kusan uku ne a kan ɗaya.

Ya karanta sakamakon aikinsa a gaban wata ƙungiyar masana ta garinsu a 1865, aka buga shi a 1866, amma babu wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai uku, De Vries da Correns da Tschermak, suka sake tono aikin, duniya ta farga.

MAI RINJAYE DA MAI LAƁEWA

Bayanin da Mendel ya bayar, wanda bincike ya tabbatar daga baya, shi ne kamar haka. Kowace siffa tana da ƙwayar gado da ke kula da ita, kuma kowane tsiro yana ɗauke da kwafi biyu na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kwafin nan biyu suna iya zama iri ɗaya, suna iya bambanta. Idan sun bambanta, sau da yawa ɗaya ne yake bayyana, shi muke kira mai rinjaye. Ɗayan kuma ya yi shiru, shi muke kira mai laɓewa. Laɓewa ya yi kurum, bai mutu ba, bai kuma narke ba. Idan tsiron ya zo haihuwa, tagwayen nan sukan rabu, kowane ƙwan fure ko ƙwayar garin fure ya ɗauki guda ɗaya kacal.

Domin sauƙin lissafi, bari mu sa babban harafin D a madadin dogo, wanda shi ne mai rinjaye, ƙaramin d kuma a madadin gajere. Dogon tsantsa shi ne DD, gajeren tsantsa kuwa dd. Idan aka aurar da su, uwa ba ta da abin bayarwa sai D, uba ba shi da abin bayarwa sai d, saboda haka kowane ɗa zai zama Dd. A ido dogo ne, amma ruwa biyu ne, yana ɗauke da gajarta a ɓoye.

To, idan Dd ya haɗu da Dd fa? Wani masani ɗan Ingila, Reginald Punnett, ya fito da wata dabara a wajajen 1905 wadda yaron aji shida zai iya yi a ƙasa da tsinke. A zana murabba'i, a raba shi gida huɗu. A saman gidajen a rubuta abin da uba zai iya bayarwa, D da d. A gefe a rubuta na uwa, D da d. Sai a cika kowane gida da harafin samansa da na gefensa. Gida na farko zai ba da DD, na biyu Dd, na uku Dd, na huɗu dd. Uku na farko dogaye ne domin kowannensu yana da D, na huɗu ne kaɗai gajere. Ga uku a kan ɗaya ta fito, ga kuma dalilin da ya sa jika ke ɗebo kakansa.

Lokacin da nake koyarwa, nakan kawo ƙwarya biyu aji, in zuba farin wake 50 da jan wake 50 a kowace. Yaro ɗaya ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya daga ƙwaryar uwa, wani ya ɗauko daga ta uba, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a sake. A ɗauka huɗu na farko abin kan fito yadda ya ga dama. Amma idan aka yi sau 100 ko 200, sai yaran su ga da idonsu cewa fari da fari na fitowa kusan sau ɗaya cikin huɗu. Darasin shi ne, wannan lissafi ba ya gaya maka abin da ƙwaya ɗaya za ta zama, amma yana gaya maka yadda gona za ta kasance. Shi ya sa Mendel ya ƙirga dubbai.

KAMA DA WANE BA TA WANE

A cikin dogayen nan uku, ɗaya ne kawai tsantsa, biyu ruwa biyu ne, kuma ido ba ya bambanta su. Mendel ya gwada wannan ma. Ya shuka tsirrai 565 daga ƙwayoyi masu santsi na jikoki, sai 193 suka ba da masu santsi zalla, 372 kuma suka ba da gauraye. Kusan ɗaya ne a kan biyu, daidai da abin da murabba'in ya nuna.

Masu kyautata iri suna da hanyar tona asirin irin wannan tsiro. Sukan aurar da shi da mai laɓewa tsantsa, wato dd. Idan DD ne, 'ya'ya duka za su fito dogaye. Idan kuwa Dd ne, kusan rabi za su fito gajeru. Abin lura a nan shi ne, siffa mai laɓewa idan ta bayyana ba ta yin ƙarya, domin ba ta bayyana sai an sami kwafi biyu. Mai rinjaye ce take iya rufe wani abu a bayanta.

Idan siffofi biyu ake bi a lokaci ɗaya, murabba'in kan zama gida 16. Mendel ya haɗa siffar ƙwaya da launinta, ya ƙirga jikoki 556: masu santsi rawaya 315, masu santsi koraye 108, masu tamoji rawaya 101, masu tamoji koraye 32. Wannan shi ne tara da uku da uku da ɗaya. A lura, tara ne kawai cikin 16 suka yi kama da iyayensu a siffofin biyu. Ku riƙe wannan, domin nan amsar ƙanena take.

AMSAR TAMBAYA TA FARKO

Irin masara ɗan aure ana samar da shi ne ta hanyar tsarkake dangi biyu na masara shekara da shekaru, kowanne yana yi wa kansa barbara har ya zama tsantsa, sannan a aurar da su. Abin da ke cikin buhun da manomi ya saya shi ne 'ya'yan farko. Kowace ƙwaya tana da gado iri ɗaya da 'yar'uwarta, shi ya sa gona take tashi kai ɗaya, ta nuna lokaci ɗaya. Haka kuma, raunin da ke laɓe a dangin uwa yakan sami mai rinjaye daga dangin uba ya rufe shi, na uba ma haka, wannan yana daga cikin dalilan ƙarfin da ake gani a ɗan aure. Wani masani a Amurka, George Shull, ya bayyana wannan hanya tun 1908.

Amma ƙwayar da ɗan aure ya haifa jika ce. A cikinta tagwaye sun rabu sun sake haɗuwa yadda suka ga dama. Mun ga cewa a siffa ɗaya uku cikin huɗu ne ke kama da iyaye, a siffa biyu tara cikin 16. Idan siffofi goma ne masu cin gashin kansu, a ninka uku bisa huɗu sau goma, abin da zai rage bai kai shida cikin ɗari ba. Tsayin masara da girman goyo da lokacin nuna kuwa ƙwayoyin gado masu yawan gaske ne ke kula da su. Saboda haka abin da ƙanena ya gani ba sammu ba ne, ba kuma laifin taki ba ne. Girman goyon da ya zaɓa bai taimake shi ba, domin goyon na uwa ne, ƙwayoyin da ke jikinsa kuwa kowace da nata gadon.

Wannan bai nuna cewa iyayenmu sun yi kuskure da suke ajiye iri ba. Irin da suke ajiyewa ba ɗan aure ba ne. Wake da gyaɗa da shinkafa da waken suya galibi kansu suke yi wa barbara, saboda haka sukan tsaya a kan asalinsu, ana iya ajiye su matuƙar ba a cakuɗa su a masussuka ko a buhu ba. Akwai kuma ingantacciyar masara wadda ba 'yar aure ba, wadda ake bari ta yi barbara a sake, ita ma ana iya ajiye ta damina biyu ko uku kafin a sabunta. Abin da ya canza shi ne, yanzu iri biyu ne a kasuwa, kuma dole manomi ya tambaya wanne ake miƙo masa.

AMSAR TAMBAYA TA BIYU

Masara iska ce ke yi mata barbara. Garin fure yana zubowa daga furen da ke ƙololuwa, iska ta kwashe shi, ya sauka a kan gemun goyo. Kowane silin gemu yana haɗe da ƙwaya ɗaya, don haka goyo ɗaya na iya samun ubanni da yawa. Launin rawaya a cikin ƙwayar masara mai rinjaye ne a kan fari, kuma yana bayyana a ƙwayar tun a shekarar da aka yi barbarar. Duk silin da garin furen gonar maƙwabci ya faɗa wa, ƙwayarsa za ta fito rawaya. Mai sayar da iri bai yi algus ba, iska ce ta yi aikinta.

Abin mamaki, mai rawayar masarar shi ma an shiga gonarsa, sai dai bai gani ba, domin fari ya laɓe a bayan rawaya. Idan ya ajiye wannan iri, nan da damina ɗaya ko biyu zai fara ganin fararen ƙwayoyi, ya rasa daga ina suka fito.

Akwai inda wannan laɓewa ta fi tsada. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado tana ƙara wa masara sinadaran gina jiki guda biyu, laisin da tiriftofan, waɗanda masarar yau da kullum take da ƙarancinsu. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko ta yi shekaru tana gyara ta, har masananta biyu suka sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2000. A 1992 ƙasar Gana ta fitar da irin wannan masara da sunan Obatanpa, ita ce aka sani a Nijeriya da SAMMAZ 14. To, wannan ƙwayar gado mai laɓewa ce. Duk ƙwayar da garin furen masarar gama-gari ya taɓa ta rasa wannan fifiko, kuma babu alamar da ido zai gani. Uwa tana dama wa yaro kunu tana zaton na musamman ne, alhali ya koma gama-gari. Wanda zai noma irin wannan masara dole ya nisanta ta da sauran.

GYAƊA DA WAKE

Kada wani ya ɗauka cewa mai rinjaye shi ne mai kyau, mai laɓewa kuma shi ne mugu. Tsararrakina ba za su manta da 1975 ba. Ina yaro a lokacin, na ga gonakin gyaɗa sun ƙanƙance, ganye ya murɗe ya yi ɗorawa, aka tona babu komai. Cutar kuturtar gyaɗa ce, wadda darɓa ke yaɗawa, kuma ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa a wannan shekara, ta zo a kan raunin da farin shekarun baya ya riga ya yi wa noman gyaɗa. Juriyar wannan cuta da aka samo a wasu gyaɗun gargajiya na yankin iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa, ƙwayoyin gado biyu ne masu laɓewa ke kula da ita. Ma'ana, idan aka aurar da mai juriya da marar juriya, 'ya'yan farko duk za su kamu, a jikoki kuma ɗaya ne kawai cikin 16 zai tsira. Wanda bai san lissafin ba zai zubar da 'ya'yan farko ya ce aure bai yi ba. Wanda ya sani zai yi haƙuri, ya shuka jikoki da yawa, ya tsinci wannan ɗaya. Da irin wannan haƙuri ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinta, ta fitar da gyaɗu masu juriya kuma masu saurin nuna, irin su SAMNUT 24.

A wake kuwa labarin ya juya. Kowa ya san ɓarnar wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. An sami wani waken gargajiya daga ƙasar Botsuwana, mai lamba B301, wanda wuta-wuta ba ta iya kama saiwarsa, kuma bincike ya nuna ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye take ba shi wannan kariya. Saboda haka 'ya'yan farko duk suna da juriya, a jikoki kuma uku cikin huɗu. Masanan cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967 kuma take da reshe a Kano, tare da na Samaru, suka shigar da wannan juriya cikin wake mai farin jini a kasuwa, aka sami irin su SAMPEA 10. Amma ko a nan sai da aka ci gaba da tacewa, domin biyu daga cikin ukun nan ruwa biyu ne.

IYAKAR WANNAN LISSAFI

Gaskiya ta wajaba a kan malami, don haka dole in faɗi inda lissafin ya tsaya. Ba kowace siffa ce take da mai rinjaye sak ba. Akwai furannin da idan aka aurar da ja da fari, 'ya'ya kan fito ruwan hoda, sai a jikoki ja da fari su dawo. Akwai ƙwayoyin gadon da suke zaune kusa da juna, sukan tafi tare ba su cika rabuwa ba. Sannan gado ba ya aiki shi kaɗai: iri mafi kyau idan bai sami ruwa da taki da noma a kan kari ba, ba zai nuna abin da ke cikinsa ba. Duk da haka ginshiƙin bai girgiza ba. A 1990 masana a Ingila suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke sa fis ya yi tamoji, suka ga wata matsala ce a wajen haɗa sitaci a cikin ƙwayar. Abin da Mendel ya hango da ƙirga, an zo an gan shi a ɗakin bincike.

Ba zan wuce nan ba sai na yi tuni da cewa wannan murabba'i mai gida huɗu shi ne dai wanda likitoci ke zanawa a kan cutar sikila. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, alhali iyayen lafiyarsu lau. Wanda ya fahimci masara ya fahimci dalilin gwajin jini kafin aure.

SHAWARWARI

Ya Shugaban taro, ga 'yan shawarwarina ga manoma da kuma ƙungiya.

Na ɗaya, duk mai sayen iri ya tambaya ko ɗan aure ne ko wanda ake iya maimaitawa, ya duba tambarin hukumar kula da irin shuka ta ƙasa a jikin buhu, ya kuma ajiye takardar da sunan irin yake. Idan ɗan aure ne, a ci a sayar, amma kada a mayar da shi gona. Kuɗin sabon iri bai kai asarar damina guda ba.

Na biyu, mai son ajiye irin masara ya nisanta gonarsa da wata masara daban da kamar mita 200 zuwa 400, ko ya bambanta lokacin shuka da makonni uku zuwa huɗu domin kada su yi fure tare. Ya ɗebi iri daga tsakiyar gona, daga tsirrai masu yawa, kada ya dogara da goyo goma ko ashirin.

Na uku, a gonar irin wake ko gyaɗa, duk tsiron da ya fita daban da 'yan'uwansa a tuge shi kafin girbi, kuma a ware masussuka da buhuna.

Na huɗu, maƙwabtan gona su riƙa shawara kafin shuka. Idan fadama ɗaya ta amince da nau'in masara ɗaya, an huta da rigima.

Na biyar, ina roƙon ƙungiya ta ware fili guda domin noman iri zalla a ƙarƙashin kulawar malamin gona, ta ɗora wa wasu matasanmu alhakinsa, ta yadda iri mai asali zai samu a cikin gari a farashi mai sauƙi.

Na shida, makarantunmu su dawo da lambun makaranta. A shuka layin farar masara kusa da layin rawaya, a ajiye ƙwayoyin rawaya da suka fito a farin goyo, a shuka su su kaɗai a damina ta gaba, sannan a ba yara goyo su ƙirga. Yaron da ya ƙirga uku a kan ɗaya da yatsansa ba zai manta ba har ya tsufa.

KAMMALAWA

Ƙanena ya sayi sabon iri a damina ta uku, gonarsa ta koma yadda take, ya kuma je ya ba mai sayar da takin haƙuri. Maƙwabcinmu da mai rawayar masara yanzu sukan zauna tun bazara su tsara abin da kowa zai shuka. Babu abin da ya ƙaru a aljihunsu kafin wannan gyara sai sani. An ce abin da ka shuka shi za ka girba, kuma haka ne, sai dai wajibi ne mutum ya fara sanin abin da ya shuka ɗin, ciki da waje.

Ina neman afuwa idan na tsawaita, halin tsohon malami ke nan idan ya sami allo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ɗaukaka wannan gari namu, ya mai da kowa gidansa lafiya.